Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Makarantun Gundumarmu Kan Biyan Kamfanoni Bisa Sakamakon Ɗalibai

Zuwa ga Shugaba da Mambobin Hukumar Makarantun Gundumarmu,

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da iyalanku.

Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a makarantunku: babbar tana aji bakwai, mai bi mata yana aji huɗu, auta kuma bana ya shiga aji ɗaya. Kafin mu zo Amurka na yi shekara tara ina koyarwa a firamare a Kano, yanzu kuma aikin kula da tsofaffi nake yi, yawanci da dare. Na rubuta wannan wasiƙa da Hausa domin da ita nake tunani, kuma da ita iyayen unguwarmu, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana, za su karanta su san abin da ake shirin yi da kuɗin karatun 'ya'yansu. Dokar ƙasar nan ta ɗora wa kowace gunduma nauyin yi wa iyaye magana da harshen da suke ji, don haka ina roƙo ku ba mai fassara ita, ya karanta muku daga farko har ƙarshe.

A zamanku na watan jiya, wanda na kalla a waya ina bakin aiki, na ji kuna shawarar sauya yadda kuke biyan kamfanonin da ke yi wa yara lesin da waɗanda ke sayar muku da manhajojin karatu. In na fahimta daidai, daga shekara mai zuwa ba za a ƙara ba kamfani kuɗinsa cif don kawai ya kawo kaya ko ya cika awoyi ba. Za a riƙe wani kaso, ba zai fita ba sai an auna an ga yaro ya ƙaru. Ina goyon bayan wannan shawara da zuciya ɗaya. Sai dai na hango inda za ta iya taka waɗansu yara in ba a yi hattara wajen rubuta kwangilar ba, kuma yaran nan namu ne, masu shigowa aji da Turancin da bai nuna ba. Saboda su na zauna na rubuta.

Bari in fara da abin da ya sa nake tare da ku. Bayan an koma makaranta daga kullen korona, an ɗauki wani kamfani da ke ba da malamin lesin ta intanet, dare da rana, duk lokacin da yaro ya so. Ni ban san da zancen ba sai da aka ci rabin shekara, ranar da na zazzage jakar babbar 'yata zan wanke, na tarar da takardar a can ƙasa, ta naɗe ta yi laushi, garin biskit ya manne mata. A jikinta akwai sunan yarinyar da kalmar sirrin shiga. A daren muka zauna muka buɗe. Ta rubuta tambayarta, muka yi ta jira, can wani ya amsa a rubuce, ba fuska ba murya. Ya turo matakan warware lissafin, ta kwafe a littafi, ta rufe kwamfuta. Da muka sake shiga bayan kwana biyu wani mutum ne daban, bai san ta ba, bai san inda aka tsaya ba. Daga nan ba ta ƙara buɗewa ba. Na tambayi matan unguwa a wajen wani suna, mu kusan goma sha biyu, mace ɗaya ce ta taɓa jin labarin shirin. Amma kamfanin an biya shi a kan kowane yaro da ke cikin rajista, da wanda ya shiga da wanda takardarsa ke ƙasan jaka.

Abin da ke damun yarinyar kuwa bai taka kara ya karya ba, in da an samu mai duba ta. Wata Asabar ina yanka gurasa na tambaye ta: da ɗaya bisa uku da ɗaya bisa huɗu, wanne ya fi yawa? Ba ta yi wata-wata ba ta ce ɗaya bisa huɗu, ai huɗu ta fi uku. Na ɗauko gurasa biyu masu girma ɗaya, na yanka ɗaya gida uku, ɗaya gida huɗu, na ɗora rubu'in a kan sulusin. Ta yi shiru tana kallon bakin da ya leƙo ta ƙasa, sannan ta ce, "Umma, ashe in masu rabo sun yi yawa, na kowa raguwa yake yi." Shi ke nan fa. Ɗan rami ne ta faɗa tun lokacin karatun gida ta kwamfuta, ta daɗe tana ɗingishi, kuma duk lissafin da ya biyo baya a kan wannan gurbin aka gina shi. Malamin da ke zama da ita sau uku a mako, ya san sunanta, da ya gano shi tun makon farko. Wanda za a biya ko ta shiga ko ba ta shiga ba, me zai sa ya neme ta?

Abin da ya faru a gidana ya faru a faɗin ƙasar nan. Tsakanin 2020 da 2021 gwamnatin tarayya ta ware wa makarantu kusan dala biliyan 190 a kashi uku don su farfaɗo daga korona, wa'adin ƙulla yadda za a kashe kashi na ƙarshe kuma ya cika ranar 30 ga Satumba, 2024. Ana tsakiyar wannan ruwan kuɗi jarrabawar ƙasa ta 2022 ta nuna lissafin 'yan aji takwas ya faɗi da maki 8, faɗuwar da ba a taɓa ganin irinta ba tun da aka fara jarrabawar. An yi ayyukan kirki da kuɗin, ban musa ba, amma an kuma sayi lasisin manhajoji rututu waɗanda yara ba su buɗe ba. Tun kafin korona ma an saba. A 2013 gundumar Los Angeles ta shiga shirin dala biliyan 1.3 na ba kowane ɗalibi iPad da darussa a ciki, aka fara rabo darussan ba su kammala ba, cikin shekara biyu shirin ya ruguje. Wannan shi muke kira cinikin biri a sama. Yanzu kuɗin tarayya ya ƙare, abin da ya rage mafi yawansa kason jiha ne da harajin gidaje, kuma mu 'yan haya muna biyan harajin nan a cikin kuɗin haya ko da ba mu taɓa ganin takardarsa ba.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Bichi. Hanya biyu yake ɗaukar 'yan ƙodago. Akwai na yini, a biya mutum daga safe zuwa azahar. Akwai kuma jinga, a nuna masa gona, a yi ciniki, in ya gama a sallame shi. Na yini sai ka tsaya a kansa, in ba haka ba gindin bishiya zai fi gona ganinsa. Mai jinga ba ya buƙatar a ce masa yi sauri, da kansa yake sammako. Amma mahaifina ba ya biyan mai jinga sai ya shiga tsakiyar gonar da ƙafarsa yana tona kunya da sanda, domin ya san halin jinga: a gyara bakin gona inda ido ke gani, can ciki kuwa a tura ƙasa a binne ciyawa, ruwa ɗaya ta sake tsirowa. Sannan in gonar tana da gefen da tofa ta cinye, yakan yanka wa wannan gefen farashinsa daban, mai tsoka, don ya san in ya haɗa su kuɗi ɗaya, mai laushin za a nome a bar masa mai taurin. Abin da kuke shirin yi jinga ce. Ta fi aikin yini nesa ba kusa ba, amma tana son mai gonar da zai shiga tsakiya.

Na san ba ku kuka fara ba. Gundumar Ector da ke Odessa a jihar Texas ta rataya kuɗin kamfanonin lesin a kan ci gaban yara bayan korona, lokacin da Scott Muri ke shugabantar makarantunta, gundumar Duval ta Jacksonville a jihar Florida ma ta yi haka da lesin lissafi. Gidauniyar Southern Education Foundation da ke Atlanta, wadda ke koya wa gundumomi tsarin, ƙa'idarta ita ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin kwangila ya dogara da sakamakon ɗalibai, sauran a biya a kan aikin da aka gabatar. Wannan rabon ya yi mini. Kamfani yana da albashin malamai da zai biya duk wata, ba za a ce ya zauna da yunwa yana jiran jarrabawar watan Mayu ba. Ko malamin allo ana kai masa kuɗin Laraba kafin ranar sauka ta zo a kai rago.

Amma tsarin ya girmi waɗannan gundumomi, kuma ya taɓa faɗuwa warwas a ƙasar nan. A 1969, a garin Texarkana da ke kan iyakar Texas da Arkansas, an miƙa wa kamfanin Dorsett Educational Systems yaran da ake tsoron za su bar makaranta, da sharaɗin za a biya shi dala 80 kan kowane yaro da ya hau matakin aji ɗaya cikin awa 80 na karatu. Kamfanin ya zo da injinan koyarwa, yana ba yaran da suka yi ƙoƙari kyautar ƙaramar rediyo. Sakamakon farko ya fito da kyau har labari ya zaga ƙasa. Sai masu bin diddigi suka gano cewa tambayoyin jarrabawar da za a auna yaran da ita suna cikin darussan da kamfanin ke koya musu. An binne ciyawa ke nan. Gwamnatin tarayya ta gwada tsarin da kamfanoni 6 a gundumomi 18 a shekarar karatu ta 1970 zuwa 1971, da sakamako ya fito a 1972 aka ga yaran kamfanoni ba su fi yaran ajin malamai na yau da kullum ba, aka jingine zancen shekaru da dama.

Don haka mudun da za a auna yaro da shi kada ya zama na mai sayarwa. Ko a kasuwar Dawanau mai saye ba ya yarda a auna masa hatsi da mudun da bai sani ba. Yawancin manhajojin nan suna zuwa da gwajinsu na cikin gida, da allo mai nuna kore da taurari. Ɗana na aji huɗu ya gano cewa a manhajar karatun da yake yi, in ya danna amsar da ba daidai ba sau biyu, sai ta haska masa ta daidai; ya danna, tauraro ya fito. Da murnarsa ya nuna mini dabarar, ga rahoto kuma ya zo gida cewa ya ƙware. Na miƙa masa takardar da likita ya ba mu na ce karanta mini layi uku, ya tsaya yana haɗa baƙaƙe kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu. In da a kan taurarin nan aka rataya kuɗi, da kamfanin ya karɓi nasa cif, ni kuma an bar ni da yaron da ba ya iya karanta layi uku. A auna da jarrabawar da gunduma ko jiha ke yi wa kowane yaro, wadda kamfani bai ga tambayoyinta ba, kuma malaminsa ba shi ke tsaron ɗakin ba ranar da ake yin ta.

Yanzu ga gefen da tofa ta cinye, wanda shi ne ainihin abin da ya hana ni barci. In kwangila ta ce za a biya kamfani kan kowane yaro da ya haye makin cin jarrabawar ajinsa, ba sai mai kamfanin ya zama mugu ba kafin ya yi lissafi. Yaron da ya rage masa taku biyu ya haye riba ne. Yaron da ke baya da shekara uku, ko an yi masa aikin duniya ba zai haye bana ba, shi asara ne. Ba wanda zai kore shi a fili. Sai dai malami mafi gwaninta a tura shi wajen na kusa da layi, in sun yi fashi a bugo wa iyayensu waya, shi kuwa na can baya in ya daina zuwa ba mai cigiya. Ku biya a kan nisan da yaro ya yi daga inda aka same shi, ko bai kai layi ba, kuma ku yanka wa wanda ya fi nisa a baya farashi mafi tsoka, yadda kamfani zai riƙa ganinsa a matsayin inda kuɗin yake. Sannan gunduma ce za ta fitar da sunayen yaran tun kafin kamfani ya iso, kuma ba shi da ikon sauke yaro a tsakiyar shekara don ya ga ba zai kawo kuɗi ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin gunduma ya karɓi yaranta duka.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen, wanda zai sa ku biya kuɗin aikin da ba a yi ba. Maƙwabciyata 'yar Maraɗi ce, ɗanta ya iso yana da shekara goma sha biyu, duk karatunsa da Faransanci ya yi. Na taɓa ba shi da 'yata rabawa mai tsawo a kan teburin cin abinci, ya zana ta yadda ake yi a makarantun Nijar, ya gama ya ajiye biro tana rabin hanya. Mako uku da zuwansa aka yi masa gwajin farkon shekara, ya fito a ƙasan aji a lissafi, saboda tambayoyin labarai ne da Turanci: wane ya sayi kaza, wance ta raba kaza. Kafin watan Mayu bakinsa ya buɗe, da taimakon malamar Turanci da abokan ƙwallo, makinsa na lissafi ya yi tsalle. In sunansa na cikin jerin kamfanin lesin, za a rubuta wannan tsalle a matsayin aikin kamfani, alhali lissafin da shi ya sauko daga jirgi.

An taɓa yin irin wannan da kuɗi masu yawa. A 2013 bankin Goldman Sachs ya zuba jari a azuzuwan share fagen firamare a jihar Utah, mafi yawa a gundumar Granite, da sharaɗin za a biya shi kan kowane yaro da ya tsira daga shiga sashen masu buƙata ta musamman. A 2015 aka sanar cewa cikin yara 110 da aka ce suna cikin haɗari, ɗaya tak ya shiga, aka biya bankin. Masana ilimin ƙananan yara suka ce wannan adadi ya wuce abin da hankali zai ɗauka, suka nuna cewa gwajin sanin kalmomi ne aka tantance yaran da shi, da yawa daga cikinsu kuma ba Turanci ake yi a gidajensu ba. Ƙarancin makinsu na harshe ne, tun farko ba lallai suna cikin haɗarin ba. Ga yaranmu, ina roƙo a auna mafarinsu da harshen da suka yi karatu da shi in zai yiwu, ko da gwajin da surutu bai yi masa yawa ba, a kuma riƙa duba makinsu tare da na jarrabawar Turanci da kuke yi musu duk shekara. Hanya mafi gaskiya ita ce a gwada su da takwarorinsu masu irin Turancinsu waɗanda ba su shiga lesin ba. Kuma don Allah kada ku taɓa biyan kowa a kan cewa yaro bai shiga sashen masu buƙata ta musamman ba. Wannan taimako haƙƙin yaro ne a doka, ranar da hana shi ya zama riba, za a samu mai hana shi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ku ma kuna da naku kason aikin. Abin da bincike ya tabbatar yana aiki an san shi: lesin aƙalla sau uku a mako, kamar rabin awa, yara kada su wuce uku ko huɗu, malami ɗaya tsawon shekara, kuma a cikin lokacin makaranta. Wannan na ƙarshen shi ne rai a wajenmu. In kuka sa lesin bayan an tashi, kun cire mu. Motar makaranta ba ta jira, babbar yarinya ita ke ɗauko ƙannenta, akwai Islamiyya da yamma, ni kuma ƙarfe shida na fita aiki. Lokacin sanyi kafin biyar duhu ya yi, da azumi kuwa yaron da ya kai la'asar ba abin da zai shiga kansa. Na ji cewa a irin wannan kwangila akwai sharaɗin da ke cewa in gunduma ta kasa kawo yaro wajen lesin, za ta biya kamfani ko ba sakamako. Adalci ne, amma ma'anarsa harajinmu zai koma sayen kujerar da ba kowa a kai, wato mun dawo gidan jiya. To wa zai kira gida ranar da yaro ya yi fashi sau biyu a jere, kuma da wane harshe? Da yawa daga iyayenmu ba sa karanta Turanci, waɗansu ba sa karanta boko sam, amma ba wadda ba ta sauraron saƙon murya a WhatsApp. Minti ɗaya da Hausa ko Faransanci ya fi takarda goma a ƙasan jaka. Kada kuma a zare yaro daga ajin Turanci ko lokacin cin abinci don a cika awoyin kamfani, kada a lissafa ranar Sallah cikin fashi.

A 1862 Ingila ta rataya kuɗin da gwamnati ke ba makarantun firamare a kan jarrabawar karatu da rubutu da lissafi da sufeto ke zuwa yi wa yara duk shekara. Robert Lowe, wanda ya kawo tsarin, ya gaya wa majalisa cewa in bai zo da araha ba, to zai zo da inganci; in kuma bai zo da inganci ba, to zai zo da araha. Tsarin ya yi sama da shekara talatin yana aiki, malamai suka koma dura wa yara hadda, daga baya aka soke shi. Rabin maganar nan na biyu shi nake tsoro a bakinku. In kamfani ya gaza, kashi 40 ɗin nan zai zauna a asusu, akawu zai ce an yi tsimi. Ni kuwa ɗana ya ci shekara guda, kuma aji huɗu ba ya dawowa. Don haka kada ku jira Mayu. Ku zauna da kamfani duk wata ku duba wa ke zuwa, wa ya tsaya cik, ku duba gwajin tsakiyar shekara a Janairu, in abu ba ya tafiya a gyara ko a sauya tun da sauran lokaci. Kuɗin da aka riƙe kuma ku rubuta a cikin ƙudurinku cewa na yaran da aka gaza ne, da sunayensu, a yi musu lesin hutun ƙarshen shekara da shi, kada ya zarce gyaran rufin ofis. Ku kuma tanadi abin da za ku yi in kamfani ya durƙushe. A farkon 2025 wani babban kamfanin lesin ta intanet ya rufe dare ɗaya ana tsakiyar shekarar karatu, gundumomi da dama suka wayi gari yara na gaban kwamfuta ba malami.

Iyakar jingar nan ita ce lesin karatu da lissafi da manhajojinsu, inda akwai mudu mai ɗan gaskiya. Kada daɗin tsarin ya ja ku ku kai shi kan albashin malaman aji. Na tsaya gaban yara sama da saba'in da alli a hannu, na san abin da tsoro ke sa mutumin kirki ya yi. A Atlanta binciken jiha na 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a gyara amsoshin jarrabawa, a 2015 kotu ta samu 11 da laifi. Yaran da aka gyara wa amsa su ne suka rasa taimakon da makinsu na gaskiya zai jawo musu. Ku leƙa kuma ku ga yadda kamfani ke biyan malaman lesinsa. In ya juye haɗarin kashi 40 ɗin a kansu, nagari za su gudu, yaro ya koma ganin sabuwar fuska duk mako.

Sauran abu biyu a gurguje. Bayanan yaran da za ku ba kamfani su tsaya a kan suna da aji da maki. Ba ya buƙatar sanin inda aka haifi yaro ko irin takardar zaman iyayensa, kuma a rubuta ƙarara cewa ba zai sayar ba, zai goge in kwangila ta ƙare. Akwai gidajen da wannan tsoron kaɗai ya isa ya sa su hana yaro shiga. Sannan duk ƙarshen shekara ku fito da lissafi a fili, shafi ɗaya: nawa aka biya kowane kamfani, nawa aka riƙe, yara nawa suka ƙaru, a ware na masu koyon Turanci da na masu buƙata ta musamman a layinsu daban, don jimilla tana iya yin kyau alhali namu na nan inda suke.

Ina roƙo ku fito da daftarin kwangilar ga jama'a aƙalla mako biyu kafin ku kaɗa ƙuri'a. Na riga na musanya aikin dare da wata abokiyar aikina don in halarci zamanku mai zuwa, kuma mata shida sun yi mini alkawarin zuwa, har da mahaifiyar yaron Maraɗin nan. Minti uku da kuke ba kowane mai magana ba za su ishe mu ba in ana fassara, don haka muna neman a ninka mana, a kuma tanadar mana mai fassarar Hausa da na Faransanci. Za mu zo da littattafan yaran ku gani da idonku.

Allah ya yi muku jagora.

Taku,
Uwar yara uku a makarantunku